Injin Haƙa Mai Tafiya a Ruwa da Tudu, da Makomar Tsibiran da Teku ke Ci



Bahaushe ya san yasa tun kaka da kakanni. Idan rijiya ta cushe sai a shiga a yashe ta, a fid da laka, ruwa ya dawo. Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yasa a bakin teku, da injin da ake yin ta da shi, da kuma mutanen da zaman ƙasarsu ya rataya a kan wannan aiki.

Bari mu fara da ƙasar Maldib, wadda ke cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da ƙasar Indiya. Tsibirai ne kusan 1,190, waɗanda mutane ke zaune a kan ƙasa da 200 daga cikinsu. Kashi 80 cikin 100 na ƙasar bai kai mita ɗaya bisa teku ba. Watau in mutum ya tsaya a bakin ruwa, tudun garinsu bai wuce ƙugunsa ba. A watan Afrilu na 1987 raƙuman ruwa suka shiga Male, babban birnin ƙasar, suka yi ɓarna mai yawa. Bayan haka ne ƙasar Japan ta taimaka aka kewaye birnin da ganuwar kankare, wadda ta rage masa asara sa'ad da igiyar tsunami ta auko ran 26 ga Disamba, 2004. Haka kuma tun 1997 aka soma zuƙo yashi daga ƙarƙashin teku ana cike wani tafki kusa da Male, har aka sami sabon tsibiri mai suna Hulhumale, mai tudun mita biyu, wanda mutane suka fara zama a kansa a 2004.

To, manyan ayyuka irin wannan jiragen ruwa na yasa ne ke yin su. Amma babban jirgi yana bukatar zurfi, alhali kuwa galibin waɗannan tsibirai kewaye suke da shimfiɗaɗɗen dutsen murjani wanda ruwan kansa bai wuce gwiwa ko ƙirji ba. Jirgi ba ya iya shiga, katafila irin ta hanya kuwa in ta shiga sai ta kafe ko ta nutse. Wannan tsakanin, wanda ba tudu ba kuma ba zurfi ba, shi ne fagen injin da muke magana.

Samansa daidai yake da na injin haƙa da kuka saba gani: ɗakin direba, da dogon hannu, da bokiti. Bambancin a ƙafafu yake. An ɗora shi a kan manyan tankunan ƙarfe biyu rufaffu, masu iska a ciki kamar kwalekwale, sa'an nan aka zagaye kowane tanki da sarƙa mai juyawa. Faɗin tankunan shi ke raba nauyin injin, har ya taka laka mai taushi bai nutse ba. In ruwa ya yi zurfi sai ya yi iyo, a sauke wasu dogayen turakun ƙarfe su kafe a ƙasa don kada ya kife yayin da yake haƙa. Akan kuma cire bokitin a ɗaura famfo mai haƙora, wanda ke zuƙo yashi da ruwa ya tura ta bututu zuwa gaɓa. Waɗanda suka fito daga yankin Haɗejiya sun ga irinsa yana share kachalar da ta toshe kogi.

A ƙaramin tsibiri aikinsa uku ne. Yana yashe mashigin kwalekwale da yashi ya toshe, wanda ta nan abinci da magani ke shigowa. Yana mai da yashi gaɓar da ruwa ya zaizaye. Yana kuma jera duwatsu, ko manyan buhunan yashi, su zama katangar tare igiyar ruwa. Sai dai yana da iyaka. Ba ya jure babbar igiya, tafiyarsa ta hawainiya ce, ruwan gishiri kuma yana cin ƙarfensa, ga kayan gyara sai an yi odarsu daga ƙetare.

Yanzu na zo kan abin da na fi so ku riƙe. Ganuwar farko ta tsibiri ba ta kankare ba ce, murjani ne. Murjani halitta ce mai rai, ita ke gina dutsen da tsibirin ke zaune a kai, kuma daga ɓarɓashinta yashin gaɓa ke samuwa. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna lafiyayyen dutsen murjani yana karya har kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Laka kuwa da yasa ke tayarwa tana rufe murjani, ta hana shi haske, ta kashe shi. Ambaliyar Male ta 1987 ta yi tsanani ne domin an riga an cike wani sashe na murjanin birnin, an kuma fasa wani an yi gini da shi. A ƙasar Tubalu ta Tekun Fasifik, ramukan da sojojin Amurka suka haƙa a tsibirin Funafuti lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don gina filin jirgin sama, sun zama kududdufai masu ƙazanta fiye da shekara 70, sai a 2015 aka cike su da taimakon ƙasar Niyu Zilan. Garin neman gira ke nan aka kusa rasa ido.

Saboda haka kafin injin ya shiga ruwa, tilas ne a auna inda igiya ke kai yashi a kowane lokaci na shekara, a ɗebo shi nesa da murjani mai rai, a kewaye wurin aiki da labulen tare laka, a kuma saurari masuntan wurin, gama su suka san ruwansu. Ku ma'aikatan gwamnati, ku kan sa hannu a takardar sayen inji. Ku ɗalibai, gobe ku za ku riƙe alƙalamin. Sayen inji aikin yini ɗaya ne, amma ramin da aka haƙa ba bisa ilmi ba jikoki ne ke biyan kuɗin cike shi.