Lamba 191 Da Abin Da Ke Bayanta

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron tunawa da kafuwar ƙungiyarmu



An ce in yi magana a kan yadda ake auna aikin mai bincike. Na ga gara mu ɗauki mutum ɗaya mu bi sawunsa, don in na tsaya ga ƙa'idoji zalla rabinku za su koma danna waya. Mutumin shi ne Solomon Snyder, likita Ba'amurke, masanin sinadaran ƙwaƙwalwa da ya yi aiki a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore. An haife shi a 1938, ya samu horo a hannun Julius Axelrod, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel, kuma shi ya kafa sashen kimiyyar ƙwaƙwalwa na jami'arsa a 1980. Maƙalun da ke ɗauke da sunansa sun haura dubu.

A 2005 wani masanin fiziya mai suna Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin nan da ake kira h, wanda duk mai shiga Google Scholar yake gani a gefen sunan malami. Lissafinsa ba wuya. In kana da maƙala 20 waɗanda kowacce wasu masu bincike sun kafa hujja da ita aƙalla sau 20, to h ɗinka 20 ne. Hirsch ya ce a fagen fiziya, wanda ya kai kamar 18 ya isa a yi maganar ba shi kujerar farfesa. Mafi girma da ya samu a can shi ne Edward Witten, mai 110. Da ya leƙa kimiyyar rayuwa sai ya tarar da Snyder a sama da kowa, da 191. Wato maƙala 191, kowacce an ambace ta sau 191 ko fiye. Mai bi masa, David Baltimore, yana da 160.

To, ta yaya mutum ɗaya yake tara wannan? Nan ne nake so mu ɗan zauna.

A farkon shekarun 1970 gwamnatin Amurka ta tsorata da yadda hiroyin ta kama matasa da sojojinta da ke Biyetnam, sai ta zuba kuɗi a binciken miyagun ƙwayoyi. Masana sun daɗe suna zargin cewa mofin da danginsa ba haka kawai suke aiki ba, lallai akwai wani gurbi a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da suke shiga, kamar yadda ɗan makulli ke shiga kwaɗo. Zargi ne, ba wanda ya iya nunawa. Matsalar ita ce, in ka zuba maganin a kan naman ƙwaƙwalwa, manne wa komai yake yi, ba ka iya bambance wanda ya shiga kwaɗon da wanda ya liƙe a ƙofa kawai. Avram Goldstein ya gwada a 1971, abin da ya samu ɗan kaɗan ne ƙwarai.

A ɗakin gwaje-gwajen Snyder aka warware. Aka ɗauki nalokson, maganin da ke kama gurbin nan da ƙarfi, aka yi masa alama da sinadari mai fitar da wani haske da ido ba ya gani amma na'ura na ƙirga shi. Aka gauraya ɗan kaɗan da niƙaƙƙiyar ƙwaƙwalwar ɓera, aka tace da sauri, aka wanke. Wanda ya liƙe a banza ya bi ruwa, wanda ya shiga gurbi ya tsaya. Maƙalar ta fito a mujallar Science a watan Maris na 1973. A shekarar dai Eric Simon a New York da Lars Terenius a Suwidin suka kai ga irin wannan sakamako.

Sai tambaya ta biyu ta taso da kanta: me ya sa ƙwaƙwalwa za ta zo da kwaɗon da ɗan makullinsa ke cikin wani tsiro? Amsar ta zo daga Aberdeen ta Sikotilan a 1975, inda John Hughes da Hans Kosterlitz suka tsamo wasu sinadarai daga ƙwaƙwalwar alade, masu rage zafin ciwo kamar mofin. Ashe jiki yana da nasa. Wannan ba labarin nesa ba ne a gare mu. Kodin ɗin da Nijeriya ta haramta haɗa maganin tari da shi a 2018, hanta ce ke juya shi ya koma mofin, ya shiga gurbin nan. Tiramol ma yana taɓa shi. Shi kuwa nalokson, shi ake ba wanda ya sha fiye da kima har numfashinsa ya fara ɗaukewa, don yana fizge gurbin daga hannun ƙwayar.

Yanzu ku lura da abu ɗaya. Abin da Snyder ya samu a 1973 bai tsaya ga amsar tambaya ɗaya ba, hanya ce da za a iya maimaitawa. Canza maganin da ka yi wa alama, ka kama wani gurbin. A 1976, tare da Ian Creese da David Burt, suka nuna cewa ƙarfin magungunan taɓin hankali irin su halofaridol yana tafiya daidai da yadda suke toshe gurbin dofamin. Philip Seeman a Kanada ma ya nuna haka. A farkon shekarun 1980 suka taimaka wajen tabbatar da cewa kafeyin yana hana barci ne ta hanyar toshe gurbin adenosin, wato dai abin da goro yake yi wa kakanninmu tun kafin a san sunansa. Wajen 1990, shi da ɗalibinsa David Bredt suka ware sinadarin da ke samar da iskar naitirik oksaid a ƙwaƙwalwa, abin da ya ƙarfafa hujjar cewa har iska tana iya zama 'yar aike tsakanin jijiyoyi. Duk wanda ya bi ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan, dole ya ambaci wanda ya buɗe ta. Daga nan 191 ta fito. A ganina lambar ta halal ce, ba kumbura ta aka yi ba.

Amma ba ta faɗi komai da komai ba. Sunan farko a maƙalar 1973 ba na Snyder ba ne, na Candace Pert ne, ɗalibarsa mai neman digirin digirgir, 'yar shekara 26, wadda ita ce ke tsaye a kan gwajin. A 1978 aka ba da kyautar Lasker, wadda ake gani a matsayin share fagen Nobel, ga Snyder da Hughes da Kosterlitz. Babu Pert. Ta ƙi halartar bikin, ta rubuta takardar ƙorafi, maganar ta fita duniya. Har yau ana saɓani a kan rabon kowa a aikin, wasu na cewa tunanin na malami ne, wasu na cewa hannun da ya sa abin ya yiwu nata ne. Ni dai abin da ya dame ni shi ne, ma'aunin h ba ya ma iya shiga wannan muhawara. Ambato ɗaya yake ba kowane suna da ke kan takarda, da wanda ya kwana a ɗakin gwaji da wanda ya sa hannu da safe. Shugaban babban ɗakin bincike yana tara na ɗalibai da dama a shekaru da dama, ɗalibi kuwa nasa kaɗai gare shi. Pert ta rasu a 2013. Binciken gurbin mofin kuwa bai samu Nobel ba.

Bari in kawo mutum biyu a gurguje, don ku ga lambar ta wasu fuskoki. Da mujallar Nature ta ƙirga a 2014, maƙalar da aka fi ambato a tarihin kimiyya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, sama da sau 300,000. Me ke cikinta? Yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji. Aiki ne mai amfani, amma mudu ne, kowa ya zo kasuwa sai ya taɓa shi. Ga kuma Oleh Hornykiewicz a Biyana ta Ostiriya, wanda a 1960 shi da Herbert Ehringer suka auna ƙwaƙwalwar mamata masu cutar Parkinson, suka ga dofamin ya ƙare a wani sashe nata. Da Jamusanci suka buga. Daga nan aka fara gwada maganin L-dopa a 1961, wanda har gobe shi ne babban abin da ake ba masu wannan cuta. Ambatonta bai kama ƙafar ta Lowry ba, kuma da aka ba da Nobel ta 2000 ga Arvid Carlsson da Paul Greengard da Eric Kandel, ba a sa Hornykiewicz ba, har masana sama da 250 suka sa hannu a takardar nuna rashin jin daɗi.

Da yawanku nan ba da daɗewa ba za ku nemi malamin da zai duba aikinku na digiri na biyu ko na uku, kuma na san abin da za ku fara kallo lambar nan ce. Ku kalla, ba laifi. Amma kada ku gwada lambar masanin lissafi da ta masanin sinadaran jiki, kun dai ji tazarar Witten da Snyder, al'adar ambato ce ta bambanta. Sannan ku gangara ƙasa. Ku buɗe maƙala biyar da aka fi ambato, ku ga ko sabon bincike ne, ko taƙaita aikin wasu, ko mudu irin na Lowry. Ku duba shekara biyar na baya-bayan nan, don h ba ya raguwa ko mutum ya daina aiki. Ku ga ko sunayen ɗalibai ne ke zuwa a farko, kuma ina suka tafi bayan sun gama. In da hali, ku rubuta wa ɗaya daga cikinsu, ku tambaye shi yadda ake yanke shawarar jerin sunaye a ɗakin, tun kafin ku sa hannu a takardar karɓar gurbin karatu.

Na ga shugaba yana duba agogo.