Kafin a ce "iska ce", a bari majo ya duba



Ni malamin asibiti ne, kuma na yi aiki a wani gidan likita na karkara a yankin Dogo, kan hanyar Magariya. Wata damina aka kawo mini wani saurayi bisa amalanke, ɗaure da igiya. Kwana biyu yana sambatu, ko mahaifiyarsa bai gane ba. Dangi sun gama magana: iska ce. An yi hayaƙi, an sha rubutu.

Na taɓa goshinsa, wallahi kamar garwashi. Na huda yatsa na gwada jini. Palu ne ya hau masa kai. Muka yi allurar farko, muka tura shi babban asibitin Zinder, ya dawo gida da ƙafarsa. Da an ƙara kwana guda ana jira, ƙila da gaisuwar mutuwa muka je.

Shi ya sa muke damun ku da tambayoyi. Yaushe abin ya fara, kwatsam ko a hankali? Akwai zazzaɓi? Wuya ya sanƙare? Ya taɓa faɗuwar farfaɗiya? Yana barci? Me ya sha? Ruɗewar da ta zo dare ɗaya tare da zafin jiki, palu ko sanƙarau muke fara nema. Wanda kuwa ya yi makonni ba ya fita, ba ya ci, ko mai jegon da ta daina kallon jinjirinta, wannan ciwon damuwa muke zato, kuma yana da magani. Har mukan tambaya kai tsaye: ka taɓa tunanin kashe kanka? Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, hanyar magana take buɗe masa.

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar. Don irin ƙasashenmu Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, saboda majo na ƙauye ya iya gane waɗannan cututtuka ya fara magani.

To roƙona ke nan. In abokinka na fada yana shan tramol, kada ka ɓoye mana don rufin asiri, ba ƴan sanda ba ne mu. Ku ci gaba da addu'a, amma ku kawo mana shi da wuri, kuma ku faɗi gaskiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.