MAKARANTAR GARI TA 'YAN GARI CE

(Jawabin da aka yi wa iyayen yara a taron ƙungiyar iyaye da malamai, gab da faɗuwar damina)



A shekarar 1976 gwamnatin Nijeriya ta kawo shirin UPE, watau ilimin furamare kyauta ga kowane yaro. A lokacin ne aka gina makarantu da yawa a ƙauyuka. A 1999 aka kawo shirin UBE, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce yaro ya yi shekara tara yana karatu kyauta, shida a furamare, uku a ƙaramar sakandare.

To, amma doka ba ta toshe yoyo. Idan iska ta yaye kwanon aji, wasu iyaye sai su ce ai kayan gwamnati ne. Ana jiran gwamnati har damina ta wuce. 'Ya'yan wa ruwa ya doka? 'Ya'yan 'yan gari ne.

Hanya biyu ce uba ko uwa za su taimaki makaranta. Ɗaya tun mutum yana da ƙarfinsa, ɗaya kuma bayan ya bar duniya.

Ta farko ita ce aikin gayya. Ba sai mai kuɗi ba. Magini ya ba da yini ɗaya ya gyara katanga. Kafinta ya buga bencinan da suka karye. Samari su ɗebo yashi, su share fili, su haƙa masai. Mata su riƙa zagayawa suna duba randar ruwan sha, su bi gidan da yarinya ta daina zuwa aji su ji dalili. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mata. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta horar da jajis, suna kai karatu ga matan ƙauye don Allah. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta biyu ita ce wasiyya da wakafi. A shari'ar Musulunci, idan mutum ya rasu, ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sannan a biya bashi. Daga abin da ya rage, yana da ikon yin wasiyya da sulusi, watau kashi ɗaya cikin uku. Ba a wuce sulusi sai da yardar magada. Misali, mai shanu tara yana iya cewa a ba makaranta uku, ko biyu, ko ɗaya. Sauran na magada ne.

Shi kuwa wakafi, shi ne mutum ya tsayar da abu don amfanin jama'a. Ba a sayar da shi, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa. Sayyidina Umar ya yi haka da gonarsa ta Haibara. Manomi ma yana iya yi, tun yana raye. Ya ware gona guda, a riƙa nomawa da gayya, a sayar da amfanin a sayi alli da littattafai. Wani ya haƙa rijiya a harabar makaranta. Wanda bai da ko ɗaya ya dasa mangwaro ko darbejiya, yara su sha inuwa. Wannan ita ce sadaka mai gudana, wadda ladarta ba ta yankewa.

Sai dai akwai gargaɗi. Wasiyyar baka tana jawo rigima. Dattijo ya ba da fili, bayan rasuwarsa wani jika ya zo ya ce aro ne, ya kafa harsashi a filin wasan yara. Maganin wannan shi ne rubutu. A rubuta abin da aka bayar, da iyakokinsa gabas da yamma, kudu da arewa. A sa kwanan wata. Shaidu biyu adilai su sa hannu a gaban liman da dagaci. Mai kyauta ya gaya wa iyalinsa tun yana raye. Kwafi ɗaya ya zauna wurin hedimasta, ɗaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ɗaya a gida. Su kuma 'yan kwamiti su riƙa karanta wa jama'a lissafi kowane zangon karatu: abin da ya shigo da abin da aka kashe.

Ga amfanin ajin yaƙi da jahilci nan. Wanda ya iya rubutu zai rubuta wasiyyarsa da hannunsa, ya karanta lissafin kwamiti da idonsa, ba mai yi masa rufa-rufa.

Jama'a, hadari ya fara haɗuwa. Kafin a watse, kowa ya faɗa wa sakatare ranar da zai zo gayya da abin da zai kawo. Allah ya yi wa 'ya'ya albarka. Wassalam.