Jawabin Sakataren Gidauniya Kan Tallafin Bincike Ga Masu Digirin Digirgir

 

Ma'aji ya karanta mana lissafin abin da aka tara da abin da aka raba. Mu kuma za mu tsaya ne a kan wani rukuni na masu neman taimako wanda ba ya cikin jadawalin rabonmu, wato matasan malamai da suka kammala digirin digirgir a tarihi, Larabci, Hausa ko nazarin addinin Musulunci, suke neman gurbin zurfafa bincike na bayan digiri. Ba abinci suke roƙo ba. Abin da suka rasa shi ne lokaci.

Ga yadda lamarin yake. Hukumomin da ke ba da irin wannan tallafi kusan duk a ƙetare suke, kuma kowace da wa'adinta. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus, a shirinta na Georg Forster, tana karɓar sabon dakta ne cikin shekara 4 da kammalawarsa, kuma sai ya samu farfesan da zai zama mai masaukinsa a can. Shirin da Majalisar Ƙungiyoyin Masana ta Amurka ta fara a 2008 domin masu nazarin tarihi da harshe da adabi a Nijeriya, Ghana, Tanzaniya, Yuganda da Afirka ta Kudu ya amfani malamai da dama, amma an riga an kammala shi. Ƙofofin sun ragu, masu ƙwanƙwasawa sun ƙaru.

Mai nema kuwa sai ya gabatar da daftarin bincike da ke faɗin tambayarsa, da inda zai samo hujjojinsa, da abin da zai gama a watannin da aka ba shi. Sai samfurin rubutunsa da takardun shaida daga manyan malamai. Daftarin kirki yakan ci watanni ana rubutawa ana gyarawa. Malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai, yana duba takardun jarrabawa har tsakar dare, yaushe zai zauna? Kuɗin zuwa Kaduna ya yi mako biyu a Gidan Arewa ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa ma sai ya yanko daga cefanen gida. Haka wa'adin yake shuɗewa yana ji yana gani.

Wani zai ce: ina ruwan mai jimar fata a Challawa da wannan? To, mu dubi inda kuɗin ƙetaren ya samo asali. Wancan shiri na Amurka daga dukiyar Andrew Carnegie ya fito, mai masana'antar ƙarafa, wanda ya kafa gidauniyarsa a 1911. Gurbin wata 3 da aka daɗe ana bai wa malaman Nijeriya a makarantar SOAS ta Landan kuwa gidauniyar Leventis ce ta ɗauki nauyinsa, gidan kasuwancin da kowa ya sani a ƙasar nan. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage: da dukiyar gado Fatima al-Fihri ta gina Ƙarawiyyin a birnin Fas a 859, Azhar kuma ta yi ƙarnuka tana ciyar da ɗalibanta daga waƙafi.

Abin da ke gabanmu na bincike ba kaɗan ba ne. Malam Umaru Falke, malami kuma falke na Kano da ya rasu a 1962, dubban rubuce-rubucen da ya bari suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Littafin da aka fi ambato kan ma'aikatan masana'antun Kano da alaƙarsu da Musulunci, Paul Lubeck ne ya wallafa shi a 1986, lokacin injuna suna aiki. Tun daga nan masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda sun yi shiru. Waɗanda suka yi aiki a cikinsu suna nan a unguwanninmu, tsufa yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, kundayen albashi da na ciniki kuma gara tana ci a ɗakunan ajiya. Wannan tarihin iyayenku ne, kuma makullan suna hannunku.

Sai dai dole mu tsare iyakar shari'a. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade masu cin zakka kashi 8, kuma malamanmu na Malikiyya ba su faɗaɗa ma'anar tafarkin Allah har ta haɗe kowane aikin alheri ba. Malamin jami'a mai albashin da ke riƙe shi ba faƙiri ba ne, ba miskini ba. Saboda haka ko kwabo ba za mu taɓa daga haƙƙin matalauta domin wannan ba. Hubusi shi ne mazauninsa, domin a nan mai bayarwa ke da ikon gindaya sharaɗin inda riba za ta tafi.

Shawararmu ga Kwamitin Amintattu ita ce a keɓe asusun hubusi na ilimi, daga hayar rumbun ajiya ko shaguna da masu hali za su tsayar. Ba ma nufin yin gasa da Jamus. Muna so ne a biya wa mai nema kuɗin tafiya ma'adanai da ɗaukar hoton takardu, a kuma roƙi dattawan malamai na Jami'ar Bayero su karanta daftarinsa kafin ya aika. Sharaɗinmu a kansa biyu ne: ya ajiye kwafin abin da ya tattara a Kano, ya kuma rubuta taƙaitaccen sakamakonsa da Hausa, domin wanda ya ba da dukiya da wanda aka yi hira da shi su iya karantawa. Zaɓe kuma na kwamitin masana ne. Ɗan mai bayarwa zai shiga layi kamar kowa.

Wanda ba shi da ginin da zai tsayar, amma yana da tsofaffin kundayen masana'anta, ya sanar da ofishin Sakatare kafin zaman Amintattu mai zuwa, domin mu fara ƙididdige su.