Abin Da Ke Sa Mota Santsi A Busasshiyar Hanya

Jawabi ga direbobi da masu motocin haya na Talata Mafara da Bakura da Maradun

 

Kowa ya san mota tana santsi da damina. Amma akwai wadda ke santsi da rani tsaka, kwalta a bushe ƙayau. A sha kwana, gindinta ya goce. A taka birki, ta ja ƙafa tana ƙara. Wasu su ce hanya ce, wasu su ce iskokai ne. Jama'a, yawanci ciwon yana jikin motar, kuma yana da magani.

Ku dubi tafin hannunku. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi wannan da yawa ba. Tafin hannu huɗu ke riƙe da mota da fasinja da buhunan shinkafar da aka ɗauko daga gonakin Bakolori. Saboda haka bincike daga taya yake farawa.

Na farko, zanen taya. A cikin ramin zanen akwai 'yan tudu ƙanana da kamfani ya sa. In zane ya suɗe har ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, taya ta gama aiki. Ku yi hattara da suɗaɗɗiyar taya da aka sake yanka wa zane da wuƙa. Ido take ruɗa, ba ta da sauran nama.

Na biyu, shekarunta. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Zafin ranarmu yana busar da ita, ta yi tauri, ta tsattsage, ta daina kama kwalta. Tun shekarar 2000 ana buga lambobi huɗu a gefen taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2321 yana nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin cewa taya ta tashi aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta. Kafin ka sayi tayar gwanjo, tsuguna ka karanta wannan lamba da kanka.

Na uku, iska. In ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, mota ta riƙa tsalle-tsalle. In ta yi kaɗan, taya ta lanƙwashe a kwana, ta ɗauki zafi, tana iya fashewa. Bugun taya da ƙarfe ba awo ba ne. Ka ce wa mai faci ya sa geji, da safe, kafin taya ta ɗumama. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. Ƙananan motoci da yawa tsakanin 30 da 35 suke sha. Lambar da ke jikin taya kuwa iyaka ce, ba ita ake cikawa ba.

Na huɗu, ku karanta yadda taya ta ci. In tsakiya ta suɗe, iska ta yi yawa. In gefe biyu ne, iska ta yi kaɗan. In gefe ɗaya ne, ƙafafun motar ba su saitu ba, sai a kai ta a yi mata alaimen. In kuwa ta ci tsalli-tsalli, a tuhumi shokozoba.

Ga yadda ake gwada shokozoba. Danna kusurwar mota da ƙarfi, ka saki. Mai lafiya za ta tashi sau ɗaya ta tsaya. In ta ci gaba da rawa, ko ka ga mai yana tsiyaya a jikinta, ta mutu. Matacciyar shokozoba tana barin taya ta riƙa tashi daga ƙasa a kan gargada, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. A canza su biyu-biyu, hagu da dama.

Na biyar, lodi. Golf da ƙafafun gaba take ja. In an danƙara mata buhuna a but ran kasuwar Talata, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu. A-kori-kura irin Hilux kuwa da baya take turawa. In ba kaya, bayanta ba nauyi, da an taka totur da ƙarfi a kan burji sai ta juya. A raba kaya daidai, mai nauyi a ƙasa, a tsakiya.

Kada a haɗa wannan da ciwon kuloci. In inji yana kuka, mota ba ta ƙara gudu, kana jin ƙauri, taya kuma shiru, kuloci ne ya ƙare. In kuma sai an taka birki take fizga gefe guda, makanike ya buɗe ya duba, wataƙila mai ya shiga birkin ƙafa ɗaya.

Hanya ma tana da nata. Yashin da iska ke zubawa a kan titin Sakkwato zuwa Gusau, da tsakuwa, da baƙin man da manyan motoci ke ɗigarwa, duk suna da santsi. A rage gudu tun kafin kwana, ba a cikinta ba. In mota ta fara gocewa, ɗaga ƙafa daga totur, kada ka daki birki, ka juya sitiyari a hankali inda kake son zuwa.

In kuɗinka na taya biyu ne kawai, sayi girma ɗaya, ka sa sababbin a baya, domin santsin baya ya fi wuyar tarewa.

'Yan'uwa, duba taya huɗu ba ya cin minti biyar. Ku mai da shi al'ada kowace safiya kafin lodi. Fasinjan da ya shigo motarka amana ce, iyalinsa suna jiransa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare hanya, ya kai mu gida lafiya. Wassalam.