Gidan Tarihin 11 ga Satumba: Wa Zai Biya, Kuma Ina Za a Rubuta Sunan Wa?



An ba ni minti kaɗan in yi magana a kan haƙƙin mamaci da danginsa, sai na ga ya dace in ɗauko misali daga Amurka, domin a can an yi wannan jayayya a fili, kowa ya ji.

Ranar 11 ga Satumba 2001 aka kai hare-haren da suka hallaka mutum 2,977. A filin da dogayen benayen nan biyu na birnin Niyok suke a da, an gina manyan tafkuna biyu, aka zana sunayen mamatan a jikin tagulla kewaye da su, har da mutum shida da bam ya kashe a wurin a 1993. Jimilla suna 2,983 ke nan. An buɗe filin a 2011, gidan tarihin da ke ƙarƙashin ƙasa kuma sai a watan Mayu 2014. Aikin ya ci kimanin dala miliyan 700, daga gudummawar jama'a da kuɗin hukuma.

To jama'a, gini abu ne na lokaci ɗaya, riƙonsa kuwa na kullum ne. An ƙiyasta cewa tafiyar da wurin zai riƙa cin kusan dala miliyan 60 a shekara, tsaro kaɗai ya kwashi kaso mai yawa. A 2011 Sanata Daniel Inouye ya kawo ƙudurin cewa gwamnatin tarayya ta riƙa ba da dala miliyan 20 duk shekara. Sanata Tom Coburn ya tare ƙudurin, yana cewa sai an nuna inda za a rage kashe kuɗi a cike gurbin. Sakamakon haka, da aka buɗe gidan, sai aka sa dala 24 kuɗin shiga. An yafe wa dangin mamatan, kuma filin sunayen kyauta ne, amma duk da haka wasu dangin sun yi ƙorafi, musamman da suka ga an buɗe kantin sayar da tsaraba a gini ɗaya da inda aka ajiye gawarwakin da ba a gane masu su ba. Sai a farkon 2019 aka sa hannu a dokar da ta ba da damar tallafin tarayya domin tsaro da kula da wurin.

Ni a nawa ganin, Sanata Inouye ne ke da gaskiya. Hukumar da alhakin tsare rayukan mutane ke wuyanta, ita ya kamata ta ɗauki nauyin tunawa da su. In ta zame, sai a ɗora wa mai ziyara, talaka kuma ya tsaya a bakin ƙofa.

Amma kuɗi ba shi ne ƙarshen magana ba, kuma a nan nake son ku ba ni kunnuwanku. Akwai wani saurayi, Mohammad Salman Hamdani, ɗan shekara 23, an haife shi a Pakistan, ya tashi a Niyok. Yana koyon aikin ɗan sanda, kuma ya iya agajin gaggawa. Da ya hangi hayaƙi sai ya nufi wurin don ya taimaka, bai dawo ba. Maimakon ta'aziyya, sai aka shiga raɗe-raɗin ko da hannunsa a harin, saboda sunansa da asalinsa. Sai a 2002 aka tabbatar da gawarsa a cikin ɓaraguzan, aka yi masa jana'iza ta girmamawa. Duk da haka, da aka zo zana sunaye, ba a sa nasa tare da ma'aikatan ceto ba, an kai shi allon ƙarshe na waɗanda suka mutu a benayen. Mahaifiyarsa ta yi shekaru tana neman a gyara.

Mu da muke zaune nesa da garuruwan iyayenmu, mun san abin da ake nufi da a ce wa mutum baƙo alhali a nan aka yanke cibiyarsa. A ƙasarmu ma an zubar da jini: Kano a 20 ga Janairu 2012, tashar Nyanya a 14 ga Afrilu 2014, Babban Masallacin Kano a Nuwamban 2014. Duk ranar da wata gwamnati ta ware kuɗi don tunawa da waɗannan bayin Allah, tambayar farko ita ce wa ya riƙe jerin sunayen.

Saboda haka ina roƙon shugabanni a buɗe littafi a ofishin ƙungiya. Duk gidan da ya rasa wani a irin waɗannan hare-hare, ya zo a rubuta cikakken suna, da garinsu, da rana, da wurin da abin ya faru, da shaidu biyu. Allah Ya jiƙansu da rahama.