Jawabin Kwamitin Sayayya Kan Farantan Sola

Iyayenmu mata, yayye da ƙanne na Batsari da Safana, da mazajenmu da suka rako mu, barkanmu da zagayowar shekara.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, janareto ke cinye ribar ƙanƙara da zoɓon da muke sayarwa. Shi ya sa muka amince kuɗin asusu na bana su tafi ga sola. To, kuɗin nan guminku ne, dole ku ji abin da muka gano kafin a biya.

Manyan faranti masu wat 550 ake tallatawa yanzu a shagunan Katsina da Kano. Kowanne ya haura mita 2 a tsawo, faɗinsa mita 1 da ɗoriya, nauyinsa wajen kilo 27. Wuta kam yana bayarwa. Amma girman nan shi ne rauninsa: iska na samun wurin kamawa, tsakiyarsa kuma na lanƙwasawa. Ƙwayoyin da ke kama hasken rana a ƙarƙashin gilashin ba su kai kaurin ɓawon ƙwai ba. Sai su tsage ido bai gani ba, bayan watanni a ga firij ya daina daskarar da ruwa, a yi ta zargin batir. Ɗaure shi a bayan babur zuwa Runka ko Ruma, ko yaro ya taka shi wajen share ƙura, ya isa ya jawo haka.

A masana'anta ana gwada shi da harbin ƙanƙara mai kaurin milimita 25, ana kuma ba da alkawarin shekara 25. Alkawarin nan bai shafi farantin da guguwar farkon damina ta kwashe tare da kwanon ɗaki ba. Mun dai san kwanonmu, mun san ƙusoshinsa.

Saboda haka shawararmu a kafa ƙarfe a ƙasa cikin gida, a zuba siminti, a ɗaure da noti, ban da waya. Ƙurar hunturu kuwa a wanke ta da sassafe da tsumma mai laushi, domin ruwan sanyi kan gilashi mai zafi da tsakar rana yana iya fasa shi.

Sannan mota ce za ta kawo su, a tsaye cikin kwalinsu, ko da kuɗin ɗauko ya ƙaru. Duk wadda ba ta yarda da wannan ƙari ba, don Allah ta faɗa yau, kafin ma'aji ta sa hannu.